Tambaya a kan wani faifan tarin kiɗan lantarki da babu mai waƙa a cikinsa

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce, kuma na san a nan akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar sauti. Yayana da ke aiki a ƙasar Beljiyam ya zo ganin gida bayan ƙaramar salla, ya bar mini katin waya cike da kaɗe-kaɗe, a ciki har da wani faifai da ya ce lallai in saurara da natsuwa. Faifan ba na mutum ɗaya ba ne. Kiɗa 14 ne na mutane daban-daban daga ƙasashe daban-daban, wani ƙaramin kamfani ya tattara su wuri guda, kuma a hoton bangon an rubuta cewa ya ƙunshi dub da downtempo da kiɗan lantarki na gwaji.

Na kunna shi da dare a fadarmu da ke Zango, ana dafa shayi, ta lasifikar wayata. Ba a kai ga kiɗa na uku ba abokaina suka ce in canza, domin a cewarsu babu mai waƙa, babu amshi, kuma ba ya rawuwa. Ni ma abin da kunnena ya kama shi ne ɗan ƙwas-ƙwas na ganga jefi-jefi, sai wata murya ta faɗi kalma ɗaya, kalmar ta yi ta maimaita kanta har ta ɓace, sai wani dogon shiru ya biyo baya. Akwai wani kiɗa a tsakiya mai tsawon minti 9, wanda rabinsa kamar ruwan sama ne a kan rufin kwano. Yayana mutum ne mai kunne, ba zai ba ni abin banza ba, shi ya sa nake ganin ni ne ban san yadda ake sauraro ba. Mene ne wannan kiɗa, ina asalinsa, kuma me ya sa ake haɗa ayyukan mutanen da ba su san juna ba a faifai ɗaya?

Mai Gyaran Rediyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na haura shekara 30 ina gyaran rediyo da amfilifaya kusa da Kasuwar Dole, kuma zan fara da abin da hannuna ya sani: har yanzu ba ka ji faifan nan ba. Abin da ka ɗauka shiru ne, a nan ne kiɗan yake. Ginshiƙin dub shi ne amo mai kauri na jitar bes, wanda tsirkiyarta mafi kauri take girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya, alhali lasifikar waya, wadda ba ta fi girman farce ba, ba ta iya tura iska a hankali haka. Sai ta ba ka saman kiɗan ta zubar da gindinsa, kamar wanda aka miƙa wa miya aka hana shi tuwo. Wannan amo ba kunne kaɗai ke jinsa ba, ƙirji ma yana ji, irin yadda ake jin tambari a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla.

Asalin dub a birnin Kingston ne na ƙasar Jamaika, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. A lokacin ana buga waƙoƙin rege a ƙananan fayafayan garmaho, waƙa ɗaya a fuska ɗaya, sai aka fara sa kiɗan waƙar tsurarsa, ba murya, a ɗaya fuskar, domin masu manyan lasifikoki da ke kaɗa wa jama'a a fili su samu damar yin magana da kirari a kansa. Mutumin da ya mai da wannan abu sana'a mai zaman kanta shi ne Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby, kuma ina alfaharin gaya maka cewa abokin sana'ata ne, domin mai gyaran rediyo da kayan lantarki ne a unguwar Waterhouse. An haife shi a 1941, aka harbe shi a 1989. Shi ba ya kaɗa ganga, ba ya busa komai. Ana kawo masa kaset ɗin da makaɗa suka riga suka ɗauka, ganga a layinta, bes a layinsa, murya a nata layin, sai ya zauna gaban teburin haɗa sauti ya riƙa ja da sakin maɓallai: ya ɗauke murya a tsakiyar jimla, ya bar ganga da bes su kaɗai, ya dawo da jita na ƙiftawar ido, ya sake janye ta. Lee Perry, wanda ya gina ɗakin ɗaukar sautinsa mai suna Black Ark a 1973 kuma ya rasu a 2021, shi ma ya yi nisa a wannan hanya.

Kalmar da ka ji tana maimaita kanta kuwa, amsa-kuwwa ce ta na'ura. Na taɓa buɗe irin wannan akwati sau ɗaya, ƙirar Space Echo da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1974. A ciki akwai zaren kaset da aka haɗa bakinsa biyu yana zagayawa ba tsayawa. Kai ɗaya yana rubuta sauti a kan zaren, wasu kawuna uku a gaba suna karanta shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ana iya mai da abin da suka karanta ya koma wurin mai rubutawa. Kowane zagaye sautin yana ƙara dusashewa yana rasa kaifinsa, shi ya sa kake jin kamar mai maganar yana tafiya yana nisa da kai, kamar wanda ya yi kira a cikin rijiya mai zurfi. Yau yawanci manhajar kwamfuta ce ke kwaikwayon wannan, amma dabarar ba ta canza ba.

Ka kawo mini katin nan shago bayan la'asar. Ina da wata lasifika mai faɗin inci 15 da na gama naɗe wa waya, za mu gwada ta da shi.

Malama daga Birni:

Baba ya yi bayanin dub yadda ba zan iya ƙara komai ba, sai dai in taɓa sauran sassa biyu na tambayarka, ƙanena. Abin da ake kira downtempo ma'anarsa kiɗa mai tafiyar sannu. Kiɗan rawa na gidajen dare a Turai yakan buga sau 120 zuwa 130 a minti ɗaya, shi kuwa wannan sau da yawa yana ƙasa da 100, wato kusa da bugun zuciyar mutumin da ke zaune. An yi shi ne domin zama da hutawa, saboda haka abokanka ba su yi kuskure ba da suka ce ba ya rawuwa. Ya bunƙasa a farkon shekarun 1990, musamman a birnin Bristol na Ingila, inda akwai jama'a da yawa ƴan asalin Jamaika da suka zo da al'adar manyan lasifikoki, kuma daga can ƙungiyoyi irin su Massive Attack suka fito. A Balin ta Jamus kuma, Moritz von Oswald da Mark Ernestus sun fara aiki da sunan Basic Channel a 1993, suka aura wa kiɗan na'ura dabarun King Tubby. Ka ga ke nan waɗannan sunaye uku da ke bangon faifanka dangin juna ne, ba haɗuwar kasuwa suka yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ɗauka kiɗan gwaji kayan Turawa ne kawai. Littattafai da yawa sukan fara tarihinsa da Pierre Schaeffer, wanda ya riƙa yanka da haɗa sautukan da ya ɗauka a gidan rediyon Faransa a 1948. Amma shekara 4 kafin wannan, a 1944, wani ɗalibi Bamisire mai suna Halim El-Dabh ya ɗauki muryoyin mata a wurin bikin zar a Alƙahira, wanda ya yi kama da borinmu, da na'urar da ke rubuta sauti a kan siririyar waya ta ƙarfe, sannan ya sarrafa muryoyin da amsa-kuwwa har suka zama wani abu dabam. A nan gida Nijar ma muna da Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset na kiɗan organ ta lantarki a 1978 a gidan rediyon ƙasa a Yamai. Duk wanda ya girma da rediyo da talabijin na ƙasar nan ya ji kiɗansa tsakanin shirye-shirye, ko da bai san sunan mai shi ba. Ina tuna mahaifiyata tana tankaɗen gari a tsakar gida, wannan kiɗa mai sanyi yana fitowa daga rediyon da ke rataye a ƙusa, babu wanda ya taɓa cewa ina mai waƙar. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan kaset a 2013, kuma masu sauraron irin faifanka su ne suka karɓe shi hannu biyu.

Game da dalilin tattarawa, yawancin masu irin wannan kiɗa mutum ɗaya ne da kwamfutarsa a ɗaki, ba shi da sunan da zai sa a sayi faifansa shi kaɗai. Idan ƙaramin kamfani ya haɗa 14, mai sauraro ya zo domin mutum ɗaya da ya sani, sai ya tafi da sanin 13. Kuma wanda ya jera su yana da nasa aikin, domin shi ke yanke wanda zai buɗe, da inda za a sa mai nauyi, da wanda zai rufe. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka bar waya ta riƙa tsallake-tsallake. Wancan mai minti 9 an ajiye shi a tsakiya ne da gangan, bayan kunne ya riga ya saba.

Jikan Makaɗi:

Baba da Malama, Allah ya ƙara sani, amma ku yi mini uzuri, akwai inda nake ganin kamanta abin da namu ba ta zauna daidai ba. Kakana makaɗin kalangu ne, kuma abin da ya koya mini shi ne cewa kiɗanmu, ko babu murya, magana yake yi. Idan ya matse tsarkiyar kalangu a hammata ya sassauta, hawa da saukar harshen Hausa yake bi, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Kakaki da algaita ma a fada kirari suke faɗa, kuma wanda ya san take yana iya mai da busar zuwa kalmomi. To, ina ganin wannan ne ya sa ƴan fadar Ɗan Zango suka gaji da wuri: kunnen Bahaushe ya saba neman zance a cikin kiɗa, shi kuwa dub zancen yake cirewa da gangan ya bar wurin da zancen ya tashi. Ban ce wannan aibu ba ne, na ce wani irin sauraro ne da sai an koya.

Abu na biyu kuma ya shafi haƙƙi. Na sha jin irin waɗannan fayafayai an sa muryar wata mata tana daka, ko busar sarewar makiyayi, an lulluɓe da amsa-kuwwa, ba a rubuta sunan mai muryar ko garinsu ba. Ana iya yin abin da kyau. Mai kamfanin Sahel Sounds, Christopher Kirkley, da ya fitar a 2011 da tarin waƙoƙin da ya kwafo daga katunan waya a arewacin Mali, sai da ya nemo masu waƙoƙin domin a ba su kasonsu. Mark Ernestus da Malama ta ambata shi ma ya je Senegal ya yi aiki da makaɗan gangar gargajiyarsu da ake kira sabar ido da ido, da sunayensu a jikin aikin. Saboda haka, ɗan'uwa, ka duba rubutun da ke tare da faifanka ka gani ko an faɗi inda aka samo kowace murya.

Ɗan Zango:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Jiya bayan la'asar na je shagon Baba da abokaina biyu daga cikin waɗanda suka ce in canza kiɗan. Da aka haɗa katin da babbar lasifikar, kiɗa na farko bai yi minti ɗaya ba sai ƙananan sukurori da ke cikin wani gwangwanin madara a kan tebur suka fara rawa suna ƙara, kuma a daidai wuraren da na ɗauka shiru ne. Ashe akwai wani layin bes da ke tafe tun daga farko har ƙarshe, mai sauti huɗu kacal, wanda ban taɓa ji ba a makonni ukun nan. Mun saurari faifan a jere kamar yadda Malama ta ce, muka tashi sallar magariba a kiɗa na goma, muka dawo muka ƙarasa. Ɗaya abokin nawa har yanzu ya ce shi sai da waƙa, ɗayan kuwa ya kwafi faifan a wayarsa.

Yaya Jikan Makaɗi, na duba rubutun kamar yadda ka ce. An jera sunayen masu kiɗa 14 da garuruwansu, amma a kiɗa na 11 akwai muryar wani yaro yana tallar wani abu cikin harshen da ban gane ba, kuma ba a ce komai a kansa ba. Na tura wa yayana saƙo ya tambayi kamfanin, tunda yana da adireshinsu.

Baba, ina da sauran roƙo guda. Akwai wani tsoho mai gurumi a unguwarmu da ya yarda in ɗauki kiɗansa, da sharaɗin a ambaci sunansa kuma ya ji abin kafin kowa. Idan na ɗauko gurumin dabam da muryarsa dabam, za ka iya nuna mini yadda ake haɗa amsa-kuwwar nan da tsofaffin rakodoji biyu na kaset, ko dole sai da kwamfuta?