Wai da gaske 'yan Katolika na taimakon marayu ko da ba addininsu ɗaya ba?

Maman Ummi:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina da tambaya amma kar a maida abun faɗan addini dan ba shi ya kawo ni ba. Akwai maƙwabciyata anan Makera cikin garin Kaduna, mijinta ya rasu bara, da a masaƙa yake aiki, bayan an rufe ya koma tuƙin keke har Allah ya ɗauki ransa. Ya bar mata yara huɗu, ta ukun sikila gare ta, duk sanyi sai an kwanta asibiti wani lokacin har da ƙarin jini. Awara take soyawa a bakin wata firamare, jarin ma duk ya tafi a magani. To wadda take sayen waken suya a wajenta a kasuwar Monday, Kirista ce, ita tace mata taje cocinsu akwai ƙungiya mai taimakon gwauraye da marayu. Ita kuma tana jin nauyi, tana tsoron kar a ce sai ta canza addini ko a karɓe mata yaro, kuma kun san bakin mutanen unguwa. Wanda ya san kan abun ya mana bayani, me suke bayarwa, ina ake zuwa, kuma akwai sharaɗi?

Baba Kakuri:
Maman Ummi sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Ni ɗan Katolika ne kuma na jima a cikin ƙungiyar da nake zaton ita matar take nufi, wato St. Vincent de Paul. Bari in warware miki dan mutane na haɗa su duka su ce "coci na rabon kaya", alhali ƙofofi ne daban daban.

Ita Vincent de Paul ba fada, wato limamin coci, ke riƙe da ita ba, mu 'yan coci ne kawai, wani malamin makaranta wani makanike wata mai shago, tun 1833 aka fara ta a Faransa, ɗalibai ne ma suka fara. Kuɗinta kuwa abun da muka zuba ne a taronmu da wanda jama'a suka jefa a akwati bayan an tashi sujada ranar Lahadi, shi ya sa nake cewa kar ta sa rai da wani babban abu. Mudun shinkafa ne ko masara, kayan sawa, wani lokaci a biya kuɗin makarantar yaro zango ɗaya ko a rage mata bil ɗin asibiti. Kuma tsarinmu ba a cewa zo ki bi layi, mu ne muke zuwa gida, mutum biyu biyu, mu zauna mu ga halin da ake ciki da idonmu sannan mu koma mu faɗa a taro. Maganar canza addini babu ita 'yata, a ƙa'idar ƙungiyar ba a duba addini ko yare, ni da ƙafata na shiga gidajen Musulmi da dama kuma ba wanda na taɓa cewa ya zo coci. Karɓe yaro kuwa ai ba mu da inda za mu ajiye shi ma.

Ta biyu ita ce JDPC, hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya, kowace dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, tana da tata, ta Kaduna daban ta Kafanchan daban ta Zariya daban. Su aikinsu ya fi karkata ga ƙauyuka, rijiya, manoma, 'yan gudun hijira, fursunoni, sa ido a zaɓe. In da rikicin gado ne ko mai gida na neman korarta ba bisa ƙa'ida ba to nan zan ce taje. Sai asibitinmu St. Gerard da ke nan Kakuri tun 1957, amma fa ki gaya mata asibitin kuɗi ne kar taje da tunanin kyauta.

In tana jin nauyin shiga harabar coci ba sai ta shiga ba, ita mai waken ta kai sunanta ya isa.

Abu Hanif:
Ni dai ba zan ƙaryata Baba ba, dattijo ne kuma ya faɗi abun da ya sani. Amma tambayata ina dangin mijin? ina masallacin layinku? Mace da marayu huɗu a tsakiyar Musulmi har sai mai sayar da wake ce zata nuna mata hanya, wlh abun kunya namu ne. Hedikwatar Jama'atu Nasril Islam tana garin nan, ga 'yan agaji na kowace ƙungiya, ga masu fidda zakka duk shekara amma sai a kai wa wanda ya riga ya ƙoshi dan a ce an bayar. Ki fara samun liman ki faɗa masa ya yi sanarwa bayan magariba ba tare da ya kama suna ba. Karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba ni ban ga laifinsa ba in babu sharaɗi, kawai dai ta kula da abu ɗaya, na ji suna da wani adashe da ake bada bashi da ruwa, wannan kam ta nisance shi.

Sannan a kula da 'yan damfara, kwanaki a unguwarmu wasu suka zo da fom wai na tallafin wata ƙungiyar coci ne daga waje, dubu biyu biyu, mata suka yi ta saya har yau shiru kake ji.

Anti Saratu Barnawa:
Malam Abu Hanif adashen da kake magana ni na yi shi shekara uku dan haka bari in faɗi yadda yake. Sunansa SILC, ƙungiyar CRS ce ta Katolikan Amurka ta kawo tsarin, kuma abun da mutane basu gane ba shine su ko sisi basa zubawa a ciki, koyarwa kawai suke su tafi. Mata ne kamar ashirin zuwa talatin waɗanda suka san juna, duk sati a haɗu kowa ta zuba daidai ƙarfinta a rubuta a littafi a gaban kowa, akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku makullan a hannun mutum uku daban ita kuma mai ajiye akwatin bata da makulli ko ɗaya, to kin ga ba yadda za a yi uwar adashe ta gudu da kuɗi kamar yadda aka saba mana. Mai buƙata ta ranta ta juya ta dawo da shi, ƙarshen shekara a fasa a raba kowa gwargwadon abun da ta zuba.

Gaskiya ne akwai ɗan ƙari a kan bashin, kuma ƙarin mu yake dawowa wa ranar rabo ba coci ba. Amma dokar 'yan ƙungiya ne ke rubuta abunsu, a tamu da muke da Musulmai kusan rabi zama muka yi suka ce su basa so, aka bar su suna zubi suna ɗaukar iya nasu. Abun da ya fi min amfani ma ba bashin bane, ɗan asusun gefe ne da muke jefa canji duk sati saboda rashin lafiya ko rasuwa, daren da ɗana ya ƙone da ruwan zafi daga nan aka ciro min kuɗin mota da na kati ban je ƙofar kowa ba. Mai ɗiya sikila irin wannan take buƙata dan ciwon baya sallama, tsakar dare yake tashi.

Maman Ummi maganar bakin mutane kuwa, tun rikicin 2000 da aka raba mana gari kowa ya koma tsallakensa na kogi muke ta jin tsoron juna, amma ku 'yan Makera da Kakuri ai har yanzu a cakuɗe kuke. Iyayenmu mata nawa ne suka yi makarantar Queen Amina, ai Queen of Apostles ce ta sistoci kafin gwamnati ta karɓa, Rimi College ma St. John's ce da.

Injiniya_KD:
Ƙarin bayani kaɗan dan na taɓa aikin wucin gadi da irin waɗannan ƙungiyoyin. In kun ji ana Caritas, ita ce babbar ƙungiyar agajin Katolika ta ƙasa, bishop bishop na Najeriya suka kafa ta a 2010 ofishinta na Abuja, kuma ba wajen da mutum ɗaya zai je da matsalarsa a miƙo masa kuɗi bane. Aiki suke na kwangila, mai bada kuɗi ya ce ga ƙananan hukumomi kaza ga irin mutanen da za a ɗauka, masu cutar ƙanjamau ko tarin fuka ko 'yan gudun hijira, in baka cikin lissafin ko fada ne kawunka ba yadda za a yi. Kuma tun farkon 2025 da Amurka ta tsuke kuɗin hukumarta ta agaji USAID ayyuka da yawa sun tsaya, ma'aikata ma an sallama. Saboda haka maganar Baba ita ce, ƙaramar ƙungiyar cikin coci ta fi kusa da ita. Fom kuma ba a sayarwa, duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom ɓarawo ne. Ki kuma tambaya mata KADCHMA, inshorar lafiya ta jiha, ko yarinyar zata shiga.

Maman Ummi:
Nagode sosai Allah ya saka, na karanta mata duka jiya da daddare. Malam Abu Hanif dangin mijin suna can ƙauye su ma ta kansu suke, amma maigidana ya samu liman kuma ranar Juma'a an ɗan haɗa mata abun da ta sayi wake rabin buhu da mai. Ta kuma yarda mai waken ta kai sunanta, sai dai tace in za su zo su zo da rana lokacin ina nan dan kar ta rasa abun cewa. Baba in sun zo akwai takardar da ya kamata ta tanada, katin asibitin yarinyar ya isa ko har da ta rasuwar mijin? Anti Saratu ke kuma dan Allah ya ake fara irin adashen nan, mu a layinmu mun kai mu goma sha biyar, akwatin a ina kuka yi naku?