Ina son in koyar da yarana a gida, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Muna Kano, yarana biyu, aji 2 da aji 4 na firamare. Sau biyu aka ƙara mana kuɗin makaranta bana, kuma babbar har yau sai ta yi ta in-ina kafin ta karanta layi guda. Ina da NCE, ina zaune a gida, Abbansu ya amince in gwada zango ɗaya. Islamiyya kam za su ci gaba da zuwa. Ina zan samu manhaja da littattafai? Jarrabawar shiga sakandare fa?

Abban Yara: Hajiya don Allah kada ki raba su da Islamiyya. Ki nemo malami mai NCE.

Maman Biyu: Malam, ka dai sake karantawa.

Uwar Marayu: 'Yar uwa, ni na sha wannan ruwan. Shekara biyu na riƙe nawa uku a gida. Watannin farko lafiya lau, har allo na kafa a tsakar gida. Sai haihuwa ta zo, ga girki, ga baƙi, yau suna gobe biki. Na ɗauki malamin lesin, wata huɗu ya samu aiki ya tafi ko sallama babu. Da na mayar da su aka ce ina sakamakonsu na baya? Babu. Aka yi musu gwaji, babban aka mayar da shi baya aji guda, ƙannen abokansa suka zama 'yan ajinsu. Yaron nan sati guda yana kuka. Dangin mijina har gobe cewa suke ni na kashe masa karatu.

Malamar Firamare: Allah ya sanyaya miki. Maman Biyu, manhajar NERDC ce, wato hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, ita ake bi a firamaren ƙasar nan. Ki roƙi wata malama tsarin darussan zango-zango ki yi hoto. Littattafai ki shiga kasuwar Sabon Gari. Jarrabawar shiga makarantun tarayya NECO ke shiryawa. Ki kuma sani dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ɗora wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare, don haka ki fara leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku.

Abban Yara: Malamin lesin 15,000 nake biya a wata.

Uwar Marayu: A ina? Ni 40,000 na biya, kwana uku a sati.

Ɗan Zariya: Ku bar wahala, darussan shafin intanet na Khan Academy kyauta ne.

Malamar Firamare: Data da wutar ma kyauta ne? Yara nawa gare ka tukuna?

Ɗan Zariya: Ban yi aure ba, amma ina da ƙanne. Ke ma ai albashinki kike karewa.

Gwaggo: Gwauro da shawarar tarbiyya! Ni nawa in na ce su ɗauko littafi, fitsari ke kama su gaba ɗaya.

Abban Yara: Ni abin da ke ci min rai littattafan da ake rubutu a ciki. In yaya ya gama, ƙane ba zai gada ba, kuma dole a makaranta za ka saya.

Gwaggo: Ba ka ga komai ba. Jikata 'yar nazire aka ce a kawo kuɗin bikin yaye ɗalibai, har da riga da hula. Yarinyar da ko wandonta ba ta iya ɗaurewa!

Maman Biyu: Malama, tsarin darussan nan na aji 4, kina da shi?

Abban Yara: Gwaggo, ku nawa aka ce ku kawo?