Malaman nazare 'yan raino ne?

Maman Abba: Salamu alaikum 'yan uwa, yau raina a ɓace yake. Na ɗauko Abba daga makaranta, ina cire masa safa sai ga shatin bulala biyu a ƙwaurinsa. Ɗan shekara 4! Na koma na tambaya, antinsu ta ce wai ƙiriniya ce ta yi masa yawa. Tun ƙarfe 8 suke kan benci suna bitar A B C har goma saura, wane yaro ne zai zauna? A riƙa koya wa malaman nazare yadda ake shawo kan yara tun kafin rigima ta tashi. Yawancinsu ba malamai ba ne, 'yan raino ne aka miƙa wa alli.

Anti Nazare: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma 'yan raino? Shekara 3 na yi ina karatun NCE, ɓangaren kula da ƙananan yara, kuma ina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ki janye kalmar nan.

Baban Biyu: To raino zagi ne? Wa ya raine mu in ba iyayenmu mata ba?

Anti Nazare: Malam, kai ma ka san da wace manufa ta faɗa.

Maman Abba: Ban kira sunan kowa ba. Wanda ya tsargu, shi ya sani.

Ɗan Kwaleji: Maganar horon gaskiya ce fa. A Jamaika an gwada a makarantun nazare 76. An koya wa malamai su yabi yaro a take idan ya yi daidai, su kuma riƙa haɗa darasi da waƙa da wasa. Sakamakon ya fito a 2021, dukan yara da yi musu tsawa ya ragu sosai.

Kawu: Jamaika kuma? Mu da bulala aka koya mana alif, ba mu lalace ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Abba: Kawu, tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Anti Nazare: Yara 40 a aji ɗaya, ni kaɗai, wannan ya yi fitsari, wancan ya ciji ɗan uwansa. Gwamnati ta ce mafi ƙarancin albashi dubu 70 tun 2024, ku tambayi masu makarantun kuɗi nawa suke ba mu.

Mai Makaranta: Kada a shigo da mu. Iyaye nawa ne a nan suka biya kuɗin zangon da ya wuce?

Baban Biyu: Alhaji, ni na biya, har da kuɗin fati da ba a yi ba.

Mai Makaranta: Ba a makarantata ba.

Kawu: Shi ya sa yarana suke makarantar gwamnati.

Maman Abba: Ni ƙafar ɗana nake magana, jama'a.

Mai Makaranta: A matsayina na shugaban zauren nan, bari in taƙaita. An amince kalmar 'yan raino ba ta dace ba, Maman Abba ta nemi afuwar malamai. An kuma gane tarbiyya daga gida take farawa, kuma sai iyaye sun biya kuɗin makaranta a kan kari za a iya maganar horar da malamai. Na rufe tattaunawar zuwa bayan sallar Isha'i.