Marun ɗina ta hana sabon kifi sakat, ga kuma zafin Sakkwato

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado, ya zafi? Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri, lita 200, a falona nan Mabera. Cikinsa akwai duwatsu, 'yan murjani masu laushi (masu rai, irin na ƙarƙashin teku), da kifin kilawun guda irin marun, mai jiki awa jan goro da zane uku farare. Tana ƙarama aka kawo mini ita daga Legas, yanzu ta kusa santimita 12. Halinta dai sai haƙuri. In na sa hannu zan goge gilashi sai ta kafa mini baki a bayan yatsa, wani lokaci har da ɗan jini. Yashin ƙasa kuwa da wutsiya take kaɗa shi, duk ta binne mini murjanin da ke kusa da raminta.

Satin jiya na kawo mata abokin zama, shi ma marun, bai wuce santimita 4 ba. Tunda ya shiga bai ga ƙasan tankin ba. Ta kora shi can lungun sama bayan famfo, ta yage masa gefen wutsiya, ko abinci na zuba ba ya saukowa. Wani ya ce in sayo mata anemoni, wata halittar teku mai yatsu da yawa masu harbi da kilawun ke fakewa a ciki, wai za ta natsu. Gaskiya ne? Sannan ga bazara ta kama, da la'asar ma'aunin zafin ruwan yana taɓa digiri 30.

Baba na Arkilla:

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye maganar anemoni tukuna. A teku, can wajen Indonesiya, Filifin da arewacin Ostireliya, marun tana zama ne cikin anemoni mai kumburin baki, Entacmaea quadricolor, amma a tanki tana rayuwa lafiya lau ba shi. In ka ba ta shi ma gida ka ba ta da za ta tsare, faɗan ƙaruwa zai yi. Kuma anemoni ya fi kifin raki nesa ba kusa ba, a digiri 30 zai sha wahala.

Wagga da kake gani mace ce, kuma ta riga ta zama macen. Su kilawun ba a haifar su mata, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke juyewa ya zama mace, daga nan kuma ba komawa. Macen marun tana iya kai santimita 17, namijin da wuya ya wuce 7. To girman da ka zaɓo daidai ne, sakin da aka yi masa kai tsaye shi ne bai yi ba. Samo roba mai garai-garai, ka huhhuda ta, ka rataye ta cikin tankin, ka sa ƙaramin a ciki. Tana ganinsa, ba ta kai gare shi. Ka bar su haka sati guda ko biyu har wutsiyar ta warke. Ranar da za ka sake shi, ka zauna ka zuba ido. In ta taso masa ya karkata jiki yana karkarwa, to ya miƙa wuya ke nan, za ta karɓe shi. In gudu kawai yake tana bi da cizo, mayar da shi roba.

Kada ka kama su da raga. Suna da ƙaya a kumatu ƙasan ido, tana sarƙewa a raga. Da kofi ake ɗebo su.

Maman 'Yan Biyu:

Malam Ɗan Mabera, ni digiri 30 ɗin nan ya fi tayar mini da hankali a kan faɗan. Tsakanin 24 da 27 ake so. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, kafin la'asar za ka ga kifi a sama yana haki. Ni ƙaramar fanka na ɗaura a bakin tanki tana hura saman ruwa, kan inbata take tare da famfon kaɗa ruwa, tana sauke mini kamar digiri biyu. Amma fa tana shan ruwa. Abin da ya ƙafe ruwa ne zalla, gishirin yana nan, don haka ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace tsaf, marar gishiri, za ka riƙa cikawa kullum, ka tsayar da ma'aunin gishiri a 1.025. Kar ka yarda da ruwan burtsatse. In rana ta yi rana, goran ruwa mai ƙanƙara a rufe ka jefa ciki, ɗaya bayan ɗaya, don saukar zafi farat ɗaya ma illa ce.

Na Gidan Igwai:

Ni dai shawarata ka mayar wa mai shi ɗan kifinsa. Ba kowace marun ke karɓar miji ba, wata sai ta ga bayansa.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka, robar da uwargida ke ajiye yaji na ara, na wanke na huda da ƙusa mai zafi. Daren jiya ya ci abinci. Ita kuma tana zuwa ta dungure robar da baki, ta koma raminta. Hajiya, na ɗaura fankar, yau da la'asar 28 na gani. Na Gidan Igwai, ban ƙi taka ba, amma bari in gwada sa'ata tukuna. Saura cizon hannu, shi ma zai ragu in sun daidaita?

Baba na Arkilla:

Ragu? Ranar da ta zuba ƙwai a jikin dutse ka zo ka ba mu labari. Sayi dogon safar hannu ta roba, da magogin gilashi mai maganaɗisu wanda ake ja daga waje. Murjanin da take binnewa kuma ɗauke shi ka manna a saman dutse, nesa da raminta.