Wadda ba ta yi ihu ba, ta yarda ke nan?

Baban Abba, Tudun Wada: Ni fa ina nan a kan bakana. Babbar mace, ba yarinya ba, ta ce an yi mata fyaɗe, amma babu ihu, babu kokawa, ko riga ba ta yage ba. Da me alƙali zai ɗaure mutum? Gobe duk wadda suka ɓata da saurayinta sai ta nufi kotu.

Barista Hauwa: Baban Abba, ko tsohuwar dokar Final Kod ta 1960 ba ta ce sai an ga yagaggiyar riga ba. Sashe na 282 ya ce in an tsorata mace da kisa ko rauni har ta miƙa wuya, fyaɗe ne. Dokar hana cin zarafi ta 2015 ma ta ƙara faɗi, ta ce barazana kowace iri.

Yusuf, Kongo: Anti, wannan gardamar aka yi a Sifen. A 2016 maza biyar suka shigar da budurwa mai shekara 18 wani zaure a garin Pamplona. Kotun farko a 2018 ta ce tun da ba a dake ta ba, ba a kuma tsorata ta a fili ba, laifin bai kai fyaɗe ba, ta yanke masu shekara 9. Jama'a suka fito zanga-zanga. A 2019 kotun ƙoli ta ce ƙarti biyar a kan mace ɗaya a wuri ƙuntatacce, ai wannan kansa barazana ne, ta mayar da shi 15.

Baban Abba: Can Turai ke nan. Nan Kaduna tun 2020 da gwamna na lokacin, El-Rufai, ya sa hannu a dokar hukuncin fyaɗe, dandaƙa ce da ɗaurin rai-da-rai, in yarinyar ba ta kai 14 ba kuwa har da kisa. A dandaƙe mutum a kan "na ji tsoro"?

Barista Hauwa: A nan kana da gaskiya, shi ya sa nauyin kawo hujja yake kan mai gabatar da ƙara, kuma in kokwanto ya rage, sakin mutum ake yi. Amma alƙali ba jikinta kaɗai yake dubawa ba. Ina aka kai ta? An kulle ƙofa? Malaminta ne, ko ubangidan da take yi wa aiki? Wa ta fara gaya wa, kuma a wane hali ya gan ta?

Malam Idi, Ƙofar Doka: Ku sa fiƙihu a ciki. A mazhabar Malikiyya wadda aka tilasta babu haddi a kanta, shi kuma sai ya biya ta sadaki bayan hukunci. Sai dai malamai sun so a ga alama, kamar ta fito tana neman agaji.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, shekarata goma sha ina aikin jinya. Da yawansu sandarewa suke yi, bakin ma ya ƙi buɗuwa. Sai uwa ta yi wa 'yarta wanka, ta wanke kayan, a kwashe mako ana sulhu a zauren mai unguwa. Kafin a zo cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Gambo Sawaba a Zariya, awa 72 ɗin maganin kariya daga ƙanjamau ta wuce, alamar da ake nema kuma ta bi ruwan wanki.

Baban Abba: To in an wanke, Barista, me ya rage a gaban alƙali in ba bakinta da bakinsa ba?

Barista Hauwa: Wani lokacin shi ke nan. Sai ya saurare su, ya ga wa ya tsaya a kan magana ɗaya da lauya ya matsa shi.