Bugun zuciya ya rikice bayan an sa sabon bawul, aikin ne bai yi kyau ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masana a taimaka don Allah. An yi wa yayata aikin zuciya yau kwana 12, an sa mata bawul na ƙarfe a gurbin na mitral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagun zuciya. Tun kwana na 3 bugun ya rikice, wani lokaci ya yi ta gudu, wani lokaci kamar ya tsallake. An sallame ta da warfarin (na hana jini daskarewa), amiodarone (na daidaita bugun zuciya) da Lasix (na fitar da ruwa ta fitsari). Aikin ne ya samu matsala? Kuma zai koma daidai?

Likitan zuciya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wanda muke kira AF, wato ɗakunan sama na zuciya su daina bugu a tsare, su koma karkarwa. Ba ya nuna cewa aikin ya lalace. Yana samun kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin bawul, ya fi tasowa a kwana na 2 zuwa na 4, saboda zuciyar da aka yanka aka ɗinke tana kumbura, gishirin jini kuma yana hawa yana sauka. Ga mafi yawan mutane yana lafawa cikin mako 6 zuwa 8.

Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani. A wajenmu yawancin masu lalacewar bawul ɗin mitral tun ciwon maƙogwaro na ƙuruciya suka samo ta, kuma kafin a kai ga aiki ɗakin sama na hagu ya daɗe da buɗewa. Irin wannan ɗaki ba ya saurin komawa, AF ɗin na iya zama. Ko ya zauna ana rayuwa da shi lafiya, muddin an rage gudun bugun kuma jini bai daskare ba. Ku nemi a sake mata ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, da hoton eko, wato sikanin zuciya. Ekon na da muhimmanci, domin mai shan warfarin ruwa ko jini na iya taruwa a jakar da ke kewaye da zuciya makonni bayan aiki, alamarsa ta farko kuwa saurin bugu ne da haki.

Mai harhaɗa magunguna:
'Yar'uwa, magungunan nan uku sai an sa musu ido. Amiodarone na ƙara wa warfarin ƙarfi sosai, har akan rage warfarin da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 idan an haɗa su. Don haka gwajin INR, mai auna yadda warfarin ya tsinka jini, a yanzu aƙalla sau ɗaya a mako ne. Ga bawul na ƙarfe a mitral ana son sa tsakanin 2.5 da 3.5. Ya yi ƙasa, gudan jini ya hau bawul; ya yi sama, ga haɓo da zubar jini a dasashi.

Lasix kuma yana fitar da fotasiyam ta fitsari, ƙarancinsa kaɗai ya isa ya hargitsa bugu. Bayan aiki an fi son a ga 4.0 zuwa sama a gwajin jini. Zawo ko amai na kwana ɗaya ya isa dalilin zuwa gwaji. Kada wani kemis ya canza mata warfarin da sababbin nan irin su rivaroxaban, ba sa kare bawul na ƙarfe. Zogale da alayyafo ba a hana ta ba, amma kada yau kwano guda gobe babu, ta riƙe ma'auni ɗaya, domin suna rage wa warfarin ƙarfi. Goro da jiƙe-jiƙen gargajiya a ajiye su.

Ma'aikaciyar jinya:
Kada a manta da ɗaya ɓangaren, wato gudun bugu ya ragu sosai. Hanyar lantarkin zuciya tana bi ta kusa da inda ake ɗinka bawul, musamman na aorta, babbar jijiyar da ke fita da jini daga zuciya, kumburi ko ɗinki na iya danne ta. Shi ya sa ake barin siraran wayoyi masu tallafa wa bugu na wucin gadi a ƙirji bayan aiki, a jira kwana 5 zuwa 7 a gani ko za ta farfaɗo kafin a yi maganar sa batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa don tafiyar da bugu. Amiodarone ma yana rage gudun bugu.

A gida, safe da yamma, ta zauna minti 5 tukuna, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa, ki ƙirga minti guda cur, ki rubuta a littafi. Kada ki dogara da na'urar awon hawan jini, takan yi kuskure idan bugu ba a tsare yake ba. Idan ɗaki ya yi tsit za ki ji bawul ɗin yana ƙas-ƙas kamar agogo, ki saba da sautin. In ya dushe, ko ƙirga ta haura 120 tana hutawa, ko ta gaza 50 ga jiri, ko ta suma, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ku tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, da littafin da kwalayen magungunan a hannu.