Ruwan da ya kwanta a randa: ya isa sha, ko sai da kulorin?

Ungozoma, Maiurno: Assalamu alaikum. Maganar da ke yawo a gidajen suna ita ce wai ruwan kogi in an sa masa alif ko garin 'ya'yan zogale ya kwanta, aka juye a randa, to ya tsarkaka, ƙwayar kulorin ɓata ɗanɗano kawai take yi. Tun kwalarar da ta ɓarke a Kasala da Gadarif, nan ƙasar Sudan, a 2024 nake jin tsoron wannan magana. Masana, ku warware mana.

Tsohon malamin gona, Sinnar: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada a raina zogale. Da damina Shuɗin Nilu yakan sauko da lakar tsaunukan Habasha, ruwa ya koma kamar kunu, kuma da zogale matan bakin kogi suka daɗe suna gyara shi. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka lukui, ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in lakar ta yi yawa. A dama da ɗan ruwa, a tace da tsumma, a zuba. A juya da sauri minti 2, a hankali minti 5, a bari awa 1 zuwa 2. Laka tana kwanciya da ƙwayoyin cuta masu yawa.

Injiniyan ruwa, Gadarif: Baba, duk abin da ka faɗa haka ne, sai dai "masu yawa" ka ce, ba ka ce duka ba. Ruwa yakan yi garau ido bai ga komai ba, ragowar ƙwayoyin kwalara suna ciki. Zogale ba kishiyar kulorin ba ce, share masa hanya take yi, domin laka da datti suna cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A fara kwantar da ruwan, a tsiyaye na sama a jarka mai lita 20, a jefa ƙwayar kulorin ɗaya mai miligiram 67, a rufe, a jira minti 30 cif. In har yanzu da duhu-duhu, biyu. A duba takardar, don akwai mai 33 da mai 167, kuma kowace da ma'auninta. Sannan ruwan zogale ba ya kwana: garin da ya rage ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Jami'in lafiya, Kasala: Ni inda na fi ganin ɓarna shi ne bakin randar. Ko tafasa ruwan aka yi, moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, yaro ya fito daga bayan gida ya nutsa hannu har wuyan hannu. Zogale da alif ba sa barin mai gadi a cikin ruwa, kulorin kuwa yana barin saura, ana son ta kai miligiram 0.5 a lita bayan minti 30. Randar ƙasa tana saurin shanye wannan saura, don haka a rufe ta, a rataye ludayi mai dogon mariƙi, kada a sha da shi.

Tsohon malamin gona: To, 'ya'yana, ku gaya mini ƙauyen da ƙwayar ke isa kullum. Gawayi ya yi tsada, ba mai tafasa jarka biyar. Kuma in ruwa ya yi wari, mutane tashi suke su koma magudanar gona su ɗebo. Wanne ya fi, ruwan zogale ko wannan?

Injiniyan ruwa: Na zogale ya fi, Baba, ba musu. Amma warin nan yawanci daga kuskuren awo ne, a jefa ƙwayar jarka a buta mai lita 4. Abin da ya fi tsari shi ne a sa kulorin tun a wurin ɗiba, kafin masu amalanken jaki su cika ganguna. Giram 15 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 a lita ɗaya yana ba da haɗin kashi 1 cikin 100, wanda daga cikinsa ake auna wa ruwan, mai horo ya gwada a bokitai ya gano nawa ruwan ranar ke ci. Inda ƙwaya ta yanke, akwai rana: gorar roba garau da ake hango cikinta, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cika da ruwan da ya kwanta, a kwantar a kan kwanon rufi awa 6, kwana 2 in da hadari.

Tsohon malamin gona: Na karɓi ta gora. Ta amalanke kuwa sai limamai da masu unguwa sun sa baki, in ba haka ba masu jaki ba za su tsaya layi ba.

Ungozoma: Allah ya saka, Baba. Ga abin da zan kai wa mata: a kwantar, a tsiyaye, a sa ƙwaya ko a shanya. In gudawa ta riga ta kama, lita ɗaya ta wannan ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mai gudawar kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti, mai shayarwa kuma kada ta janye nono.